Allon Taɓawa Na Mai Ɗaukar Sauti A Lokeshan: Tambayoyi Da Amsoshi

Tun da na koma ɗaukar sautin fim da kwamfuta a nan Legas, da wuya a tashi daga lokeshan wani bai tsaya a bayan keken da nake jera kayan sautina a kai ba, ya leƙa ɗan allon da nake dangwalawa, ya ce, "Oga, wannan nawa yake, a ina kuma ake samunsa?" Galibin masu tambayar ƙannenmu ne da suka taso daga Kano ko Kaduna ko Jos da ɗan abin da suka koya, suka sauka Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, suna neman wurin sa ƙafa a harkar fim ta Kudu. Amsar ba ta yiwuwa a tsaitsaye, ga mataimakin darakta yana ihun a yi shiru. Shi ya sa na zauna na rubuta ta, tambaya bayan tambaya, yadda aka saba yi mini su.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Sauti furodusa ya ɗauke ka ka kawo masa. Allon nan ɗan aike ne tsakanin idonka da yatsanka da kwamfutar, don haka abin da ake nema a wurinsa shi ne ka gan shi a cikin rana, ya ji yatsanka ko da gumi, kuma kada ya jefa ko ɗigon ƙara a cikin abin da kake ɗauka.

Laftof tana da allonta. Me zai sa in ƙara wani?

Idan hira kake ɗauka a ofis mai sanyi a Victoria Island, makirfo biyu, ga tebur ga kujera, buɗe laftof ɗinka ka yi aikinka, ba ka bukatar ƙarin komai. Wahalar tana farawa ranar da aka ce sin goma sha biyu za a ɗauka a wurare huɗu. Laftof a buɗe tana cinye saman keke, murfinta yana rawa duk sanda aka tura, madanninta yana shan ƙura da yayyafi. Da ƙaramin allo sai ka sauke kwamfutar ƙasan keke inda iska ke ratsawa, ko ka koma wa 'yar ƙaramar kwamfuta irin Mac mini ko NUC wadda dama ba ta zuwa da allo. Abin da zai rage a gabanka shi ne mitocin sauti, sunan sin da lambar tek (wato karo na nawa ake ɗaukar sin ɗin), lambar lokaci, da jar alamar da ke nuna ana ɗauka. Taɓawar kuwa ta shigo ne don babu wurin gara linzamin kwamfuta idan an ajiye ka a gefen titi a Mushin, mutane suna gogar ka ta ko'ina.

Inci nawa ya fi dacewa?

Ni dai inci 10 na tsaya a kai, bayan na gwada na ƙasa da shi da na sama da shi.

Mai inci 7 yana da daɗin ɗauka, amma ka yi wannan lissafin. Faɗinsa wajen santimita 15 da rabi ne. Idan aka cusa ɗigon hoto 1920 a wannan faɗin, maɓallin da manhaja ta zana da ɗigo 24 bai cika milimita 2 ba. Kan yatsan babban mutum kuwa yana son wajen milimita 9 kafin ya dangwala ba tare da ya haɗa da na maƙwabci ba. Za ka je kashe layin makirfo na uku, ka kashe na huɗu. Za ka ce ai Windows tana ƙara girman rubutu, gaskiya ne, sai dai idan ka kai shi kashi 200, filin da ya rage maka daidai yake da 960×540, wasu tagogin manhaja ba za su shiga ba. Masu arahar nan na 1024×600 su ma haka: ka buɗe tagar saiti, maɓallin amincewa ya faɗa ƙasan allo, ba ka ganinsa balle ka taɓa.

Mai inci 10.1 da 1280×800 faɗinsa ya kusa santimita 22. Layuka takwas suna zama a kai da mitocinsu, ka karanta daga zaune ba tare da ka sunkuya ba. Akwai mai 1920×1200 a wannan girman, rubutunsa ya fi fita fes, sai ka sa ƙarin girma a kashi 150 ya dawo daidai.

Masu inci 15.6, irin ASUS ZenScreen Touch da ViewSonic TD1655, su suka fi yawa a kasuwa don 'yan ofis aka yi su. A cikin ɗaki suna da kyau ƙwarai, musamman ga mai layuka goma sha shida. Amma sirara ne, ba su jure buguwa, haskensu kuma nit 250 ne, wanda za mu zo kansa.

Na ga monitar kyamara mai taɓawa, ga haske kamar rana. In saye ta?

Tsaya tukuna, ƙanena, nan ne aka fi asarar kuɗi. Monitocin da masu ɗaukar hoto ke ɗaurawa a kan kyamara, irin su Atomos da SmallHD da Feelworld, taɓawar da ke jikinsu an yi ta ne don sarrafa monitar ko kyamara. Idan ka jona ta da kwamfuta ta HDMI za ka ga hoto tar, amma ko ka yini kana dangwala, kibiyar kwamfutar ba za ta motsa ba, don HDMI ba ya komar da taɓawa baya. Dole allon ya kasance yana da hanyar USB da ke kai taɓawar ga kwamfuta.

Wani yaro da ke riƙe mini sandar bum, wato doguwar sandar da ake rataya makirfo a kanta, ya tara kuɗin aiki uku ya sayo irin wannan bai yi shawara da kowa ba. Da safe ya zo da ita a kwalinta yana fara'a, ya ce, "Yaya, yau ka ga abin da na samo." Muka jona, hoto ya fito, ya taɓa, sai jerin saitin monitar ya buɗe. Ya sake taɓawa, haka. Har yau ina tuna yadda ya yi shiru yana juya kwalin a hannu. Allah Ya taimake shi wani mai kyamara ya saye ta a hannunsa, amma da ragi.

Don haka ka tambayi mai kaya kai tsaye: taɓawar tana sarrafa kwamfuta? Ka nemi ramin USB ɗin da idonka. Kamfanoni irin Lilliput suna yin nau'i biyun duka, na kyamara da na kwamfuta, kuma a ido sun yi kama.

Me ake nufi da nit, kuma nawa nake bukata?

Nit ma'aunin hasken allo ne. Yawancin laftof da allunan ofis suna tsakanin 250 da 400. A cikin gida sun wadatar. A ƙarƙashin rumfa da rana, 500 zuwa 700 za su yi maka. A fili tsakar rana kuwa sai daga 1000 zuwa sama, shi ne abin da kamfanoni irin Xenarc ke sayarwa da sunan allon da ake karantawa a rana.

Wannan darasin a bakin teku na koye shi, ta wajen Ajah. Sin ɗin mata da miji ne suna tafe suna magana, kowa da makirfon wayales a jikinsa. Allona a lokacin mai nit 250 ne, farin yashi yana dawo da rana a fuskata, abin da nake gani a gilashin fuskata ce da hulata. A hedifon ina jin su biyun sarai, hankalina kwance. Ashe layin matar ban kunna masa jar alamar ɗauka ba, ina jin ta amma kwamfuta ba ta ajiye muryarta. Tek uku muka yi a haka. Sai da na lulluɓa kaina da allon da baƙin ƙyalle don in rubuta sunan fayil na ga ɗigon ba ja ba ne. Bum ya kama ta, amma igiyar ruwa ta fi ta ƙarfi. Na tashi na je na sami darakta na gaya masa gaskiya, aka sake ɗauka rana tana neman faɗuwa, kowa ransa a ɓace, kuma da gaskiyarsu.

Lambar nit ba ita kaɗai ba ce. Gilashi mai sheƙi yana zama madubi, don haka wanda aka yi wa shafen hana ƙyalli ya fi. Wanda aka manne gilashinsa da allon ba tare da iska a tsakani ba ya fi fita a rana, kuma raɓa ba ta shiga tsakiyarsa. Ka nemi nau'in IPS don ka iya gani ta gefe, tunda sau da yawa kanka yana wajen 'yan wasa, da wutsiyar ido kake duba mita. Rumfar allo ta kwali ko baƙin roba tana ƙara maka abin da kuɗi masu yawa za su saya. Idan kana sa tabarau mai tace ƙyalli, gwada shi da allon, don wani allon baƙi ƙirin yake komawa ta cikinsa.

Sannan ka duba ƙasan hasken yadda ka duba samansa. Ana yawan aikin dare a garin nan, kuma allon da ba ya raguwa sosai zai haska bango, mai ɗaukar hoto ya juyo yana neman wanda ya kunna fitila.

Wane irin gilashin taɓawa ya fi: mai jin fata ko mai jin dannawa?

Iri biyu ne. Kafasitif shi ne irin na wayar hannu, yana jin fatar yatsa, yana karɓar yatsu da yawa lokaci guda, galibi har goma, hotonsa kuma ya fi haske. Rezistif shi ne tsohon yayi, sai ka ɗan danna, wuri ɗaya yake ji, amma bai damu da ko farce ne ko murfin biro ko safar hannu ba, ruwa ma ba ya ruɗa shi.

Kafasitif nake amfani da shi, shi kuma nake ba da shawara, amma ka san halinsa a Legas. Ɗigon gumi ko yayyafi a kan gilashin yana iya zama masa yatsa. A watan Maris, lokacin da riga ke manne wa mutum a baya tun ƙarfe tara na safe, sai da ɗan tawul a wuya nake aiki, in goge hannu kafin in taɓa.

Abu na biyu wuta ce marar tsabta. Wata rana a wani gida a Surulere aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, allona yana jone da wata caja ta araha. Ina zaune hannuwana a cinya, sai na ga taga ta buɗe da kanta, ta rufe, layi na biyu ya kashe kansa. Yarinyar da ke rubuta mana lambobin tek ta ja da baya ta ce, "Oga, wa ke taɓawa?" Ba kowa. Irin wannan allon da 'yar ƙaramar wutar lantarki yake gane yatsa, idan caja ta turo masa hayaniya sai ya ɗauka taɓa shi ake yi. Na zare cajar na mayar da shi kan batir, take ya natsu. Tun daga ranar ban sake barin allona ya sha wutar janareta kai tsaye ba.

Mac nake da ita. Zai yi aiki?

Hoto zai fito ba matsala. Taɓawa ce abin dubawa. Windows 10 da 11 sun san allon taɓawa tun daga gida, kana jonawa ya kama. Tsarin macOS ba a gina shi don yatsa ba: wani allon zai yi kamar linzami mai dannawa ɗaya, wani ba zai yi komai ba sai ka sa masa direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Wanda aka fi sani shi ne UPDD na kamfanin Touch-Base da ke Ingila, kuma saye ake yi. Kafin ka biya kuɗin allo, tabbatar direban yana tafiya da sigar macOS ɗin da ke kan kwamfutarka, kada kuma ka sabunta tsarin ana tsakiyar fim.

Manhajar ma tana da ruwa a ciki. Boom Recorder da Metacorder, waɗanda aka yi musamman don aikin lokeshan, na Mac ne. Reaper tana tafiya a kan Mac da Windows duka, lasisinta na ƙananan masu sana'a dala 60 ne, kuma abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne kana iya ƙera wa kanka manyan maɓallai yadda yatsa zai same su.

Ina taɓa ƙaramin allon, amma kibiya a kan laftof take motsi. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Windows ce ba ta gane wanne ne mai taɓawar ba. Shiga Control Panel, nemi Tablet PC Settings, danna Setup, sai rubutu ya fito a kan allunan ɗaya bayan ɗaya, ka taɓa wanda ya dace. Minti ɗaya ya isa.

Waya ɗaya ko biyu?

Idan kwamfutarka tana fitar da hoto ta USB-C, allon kuma yana karɓa, waya ɗaya za ta ɗauki hoto da taɓawa da wuta. Ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba, ba kuma kowace waya ke ɗauka ba. Ta cajin salula galibi ba ta yi. Tsohuwar hanya ita ce HDMI don hoto, USB don taɓawa, da wayar wuta daban. Ta fi tarkace, amma idan abu ya samu matsala ka san wadda za ka canza.

Wanda nake gudu shi ne allon da ke karɓar hoto ta USB zalla da fasahar DisplayLink. Kwamfutar ce ke matse hoton tana turawa, wato aiki ya ƙaru a kan injin da kake so ya mai da hankali ga sauti, ga kuma cunkoso a hanyar da akwatin sautinka, wanda ke shigar da makirfo cikin kwamfuta, ke bi. Ko da na HDMI ne, kada ka haɗa wayar taɓawa da akwatin sauti a kan marabar USB guda. Akwatin sauti ya samu raminsa shi kaɗai.

HDMI ba ya da makulli, ƙananan bakunansa kuma saurin karyewa gare su. Ka sayi mai lanƙwasasshen kai, ka ɗaure wayar a jikin ƙarfen keke yadda ko an fizga ba bakin ne zai ji ba.

Da gaske allo yana iya ɓata sauti?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi a wurina. An ce gani ya kori ji, amma a sana'armu kunne ne alƙali, kuma hanyoyin da allo ke shiga sauti suna da yawa.

Ta farko ƙarar da kunne ke ji a ɗaki. Wasu allunan masu tsananin haske suna da fanka. Wasu ba fanka, amma idan ka rage haske sai ka ji wani siririn fito yana fitowa daga cikinsu. A kasuwa ba za ka taɓa jin sa ba. A ɗakin da aka kashe na'urar sanyi da firji, 'yar wasa tana raɗa, kai kuma kana taku uku daga gare ta, makirfo zai ji. Akwai kuma 'yar lasifikar da ke jikin allon: kana jona HDMI, kwamfuta tana iya mayar da sautinta can, sai ƙararrawar saƙo ta buga ana tsakiyar tek. Ka kashe ta tun daga saiti, ka kashe duk wani sautin tsarin kwamfutar.

Ta biyu ta cikin waya take bi. Idan allo yana shan wuta daga soket guda, akwatin sauti daga wani, ga HDMI da USB sun haɗa su, sai a samu zagayen da ke kawo gurnani. Wutar ƙasar nan hez 50 ce, to wannan gurnanin mai kauri za ka ji a ƙarƙashin magana, wani lokaci da ɗan tsitsi da ke canzawa idan hoto ya motsa. Maganinsa shi ne komai ya sha daga tushe guda, kuma wayoyin makirfo su kasance masu baki uku na XLR.

Ta uku ita ce mafi ɓoyewa. Makirfon wayales na aikin fim galibi yana tafiya ne a zangon UHF, tsakanin megahez 470 zuwa wajen 700, kuma wayar HDMI marar rufi mai kyau da ƙaramin injin rage wuta na araha suna fesa hayaniya a iska. Ba za ka ji ta a matsayin ƙara ba. Abin da za ka gani shi ne wayales ɗin da ke kai maka mita hamsin yau yana yankewa a mita goma sha biyar, ka yi ta zargin batir da eriya. Legas dama iskarta cike take da tashoshin talabijin da na rediyo, ɗan filin da ya rage maka bai kamata kayanka su cinye shi ba.

Gwajin ba shi da wuya. Ka kashe allon, ka sa risiba, wato na'urar da ke karɓar sautin wayales, ta binciko tashoshin da babu kowa, ka rubuta adadinsu. Kunna allon, sake bincike. Idan adadin ya ragu sosai, ka kama ɓarawon. Sai ka canza wayar HDMI zuwa mai kauri da zoben ferayit a bakinta, ka gajarta ta, ka nisanta eriya da allon aƙalla kamu biyu. Bayan haka ka jona makirfo, ka ɗaga ƙarfinsa, ka sa hedifon a ɗaki shiru, ka yi ta ƙara hasken allon kana ragewa kana saurare. A ƙarshe ka bar kwamfutar ta ɗauki awa guda cur a kan 48 kHz da bit 24, da duk layukan da kake amfani da su, kana taɓa allon jefi-jefi, sannan ka saurara ko akwai tsinkewa. Idan akwai, ɗaga ma'ajin jira na manhajar, wato buffer, zuwa 512 ko 1024, ka riƙa sauraro kai tsaye daga akwatin sauti don kada jinkirin ya dame ka. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aikin na gida ne.

Yaya zan ba shi wuta yini guda?

Da batir, kamar yadda na faɗa. Duba wat ɗin da aka rubuta a bayansa ka ninka da awannin aiki. Allon da ke cin wat 10, a yinin awa 12, yana son wat-awa 120. Batirin NP-F970 yana ɗauke da wajen 47, na V-mount da aka fi gani 95 ko 98. Allo mai nit 1000 ya fi haka ci idan ka ƙure shi, don haka ka rage haske da zarar an koma ɗaki.

Ka kula da bolt. Batirin V-mount 14.4 aka rubuta masa, amma idan ya cika yana kai 16.8. Allon da aka ce 12 kawai yake sha zai iya ƙonewa. Nemi wanda ke karɓar zango mai faɗi, kamar 7 zuwa 24, ko ka sa masa abin daidaita wuta mai kyau. Bakin wayar wutar ma iri biyu ne masu kama da juna, na milimita 2.1 da na 2.5, kuma wanda bai zauna daram ba shi ke kashe allo idan keke ya faɗa rami. Mac mini wutar soket take sha, sai da inbata, kuma mai tsabtatacciyar wuta. Yawancin NUC kuwa suna shan wutar batir tsakanin bolt 12 da 19.

Idan aiki ya kai ka Kano ko Abuja ta jirgi, batiran nan a jakar hannu ake shiga da su, kuma iyakar da ba ta bukatar izinin kamfanin jirgi wat-awa 100 ce. Dalilin da ya sa ake yin su 98 ke nan.

Zan iya haɗa sauti da yatsa a kan allon, in huta da sayen feda, wato abin da ake ja a ƙara ko a rage sauti?

A'a. Idona yana kan bakin ɗan wasa lokacin da ake ɗauka, yatsuna kuma su san inda suke ba tare da na duba ba. Gilashi sumul yake, ba ya gaya wa yatsa komai. Ko ƙaramin Korg nanoKONTROL2 mai feda takwas ya fi jan feda a kan allo nesa ba kusa ba. Haka maɓallin fara ɗauka da na tsayawa: su kasance na gaske, masu dannuwa, a kan ƙaramin kibod ko Stream Deck. Na tsayawar ma na cire shi daga fuskar allon gaba ɗaya, don hannun riga ko ɗigon ruwa kada ya yanke mini tek. Aikin allon shi ne kunna layi, rubuta sunan ɗan wasa, sa alamar tek mai kyau, da rubuta cewa jirgi ya wuce, abin da duk mai aiki a Ikeja ko Mafoluku ko Agege zai rubuta sau ba adadi a yini.

Ina da iPad. Ba zai wadatar ba?

Zai iya. Tun macOS Catalina ta 2019 akwai Sidecar da ke mayar da iPad allo na biyu, sai dai dannawa sosai da alƙalamin Apple aka tsara ta. Akwai Duet Display, akwai kuma TouchOSC da ke ba ka manyan maɓallai. Ka jona da waya, kada ka dogara da Wi-Fi a wurin da mutum arba'in ke riƙe da salula. Aibinsa a nan zafi ne: idan rana ta dake shi yana rage haskensa da kansa, in ta yi yawa ya tsaya sai ya huce.

Da me zan ɗaure shi?

Ka duba bayansa akwai ramukan ɗaurewa da ake kira VESA, masu tazarar milimita 75 ko 100, ko ramin noti irin na ƙasan kyamara. Allon taɓawa tura shi ake yi, don haka hannun da zai riƙe shi ya zama gajere mai ƙarfi. Wanda jingina kawai yake yi da murfinsa na tebur ne.

A ina zan saya a Legas, me kuma zan gwada?

Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba International da ke Ojo su ne wuraren farko. Masu inci 15.6 ba su da wuyar samu, sabo da tokumbo. Mai inci 10 mai tsananin haske yawanci sai an yi odarsa daga waje, don haka ka ba kanka makonni kafin ranar aiki. Farashi yana bin dala, na yau daban na gobe daban.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tafi da laftof ɗinka, da wayoyinka, da batirinka, da hedifon. Ka buɗe manhajar da kake aiki da ita, ka gwada taɓa ƙananan maɓallanta. Ka buɗe manhajar zane ka ja layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ka bi gefe-gefe, don a gefen ne taɓawa ke fara mutuwa, a nan kuma manhajoji ke ajiye maɓallansu. Ka cika allon da fari, sannan da baƙi, ka nemi mataccen ɗigo. Daga nan ka roƙi mai shago: "Alhaji, don Allah yaronka ya raka ni bakin ƙofa in gan shi a rana." Mai kaya nagari ba ya ƙi. A rubuta maka a rasit cewa za ka iya dawo da shi cikin kwana kaza, don gwajin ƙara sai ka koma gida. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, na ga mai tsada da ke fito.

Damina da iskar teku fa?

Ruwan Yuni da Yuli ba ya sallama. Lambar IP65 tana nufin ƙura ba ta shiga kuma yana jure feshin ruwa, sai dai a wasu allunan fuskar kawai ake nufi, bayan a buɗe yake. Babbar leda mai haske da lema su zauna a keke kullum. Idan ka fito da kaya daga mota mai sanyi zuwa iskar waje, gilashi zai yi gumi ciki da waje. Ka ba shi minti goma sha biyar kafin ka kunna. Bayan aikin bakin teku, a Lekki ne ko Badagry, ka goge shi da ɗanyen ƙyalle ka bushe, ka duba bakunan waya, don gishiri yana sa su kore cikin 'yan makonni. A akwatin ajiya ka zuba ƙunshin silika, ka riƙa shanya su. Lokacin hunturu kuma ka hure ƙura kafin ka goge, in ba haka ba kai da kanka za ka karce gilashin.

Idan ya mutu ana tsakiyar tek fa?

Kada ka taɓa komai. Allon ne ya ɗauke, kwamfutar tana nan tana ɗauka, kuma zare waya ko mayar da ita a lokacin shi zai iya jawo tsinkewa. Ci gaba da saurare, ka riƙe fedarka, sai darakta ya ce kat sannan ka danna tsayawa a kibod. Reaper tana da shafin sarrafawa da ake buɗewa a wayar hannu, na saita shi tun a gida don irin wannan ranar, yana nuna mini ko ana ɗauka da kuma lokacin da aka ci. Na kuma sa ta tana ajiye kowane fayil a wuri biyu, sannan haɗaɗɗen sautin yana fita ta waya zuwa wata 'yar rakoda mai batirinta daban da ke rataye a gefen keke. A aljihun gaba na jakata akwai wayar HDMI ta biyu, wayar USB ta biyu, da ƙaramin linzami mai waya. Sau biyu allona ya taɓa ɗaukewa a kan aiki, duka biyun kuma wayar HDMI ce ta saki. Na canza ta kafin a gama gyara fitilun tek na gaba.